Karatu ya yi, maki ya ƙi: Yadda rashin fahimtar tambaya ke kayar da ɗalibai a WAEC da NECO

Lokacin da Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, WAEC, ta fitar da sakamakon jarrabawar kammala sakandare ta 2025 a farkon watan Agusta, hankalin iyaye da malamai ya tashi a faɗin Najeriya. Alƙaluman farko sun nuna cewa kashi 38.32 cikin 100 ne kacal na ɗalibai kusan miliyan biyu da suka zauna jarrabawar suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi.

Bayan 'yan kwanaki hukumar ta amsa cewa an samu kuskure wajen makin tambayoyin canki-canka, ta nemi afuwa, ta sake lissafi. Adadin ya koma kashi 62.96. Duk da gyaran, bai kamo kashi 72.12 da aka samu a 2024 ba, kuma sama da ɗalibi ɗaya cikin uku ya tashi ba shi da abin neman gurbi a jami'a.

Wancan kuskure ya shafi ɓangaren da na'ura ke dubawa. Amma akwai wani ɓangaren da mutum ke zama da jan biro ya karanta layi bayan layi: insha'in Turanci da na Hausa, da dogayen amsoshin Gwamnati, Tarihi, Adabi, Tattalin Arziki da darussan addini. A nan ne ake samun ɗalibin da ya kwana yana karatu, ya cika shafi uku da rubutu, ya fito yana murna, sakamako ya zo da D7 ko E8.

Sau da yawa irin wannan ɗalibi ya san darasin. Abin da ya faru shi ne ya amsa tambayar da ya haddace a gida, ya bar wadda aka ajiye masa a kan benci.

Inda maki 50 suke kwance

A takardar Turanci ta WAEC wadda ake amsawa a rubuce, sashe uku ne: insha'i mai maki 50, auna fahimta mai maki 20, da taƙaitawa mai maki 30. A sashen insha'i ana ba ɗalibi tambayoyi biyar ya zaɓi ɗaya, ya rubuta abin da bai gaza kalmomi 450 ba, kuma ana shawartarsa ya yi hakan cikin minti 50.

Makin nan 50 an kasa su gida huɗu. Abin da rubutun ya ƙunsa yana da 10. Tsarinsa yana da 10. Iya sarrafa harshe yana da 20. Kiyaye ƙa'idojin rubutu, wato nahawu da haɗa baƙaƙe da aya da waƙafi, yana da 10, kuma kowane kuskure yana cin rabin maki. Ke nan kurakurai 20 sun isa su share wannan gida ƙaf.

Ɗalibin da Turancinsa ke da rauni ba zai iya gyara shi cikin mako biyu ba. Amma maki 20 na ƙunshiya da tsari ba su dogara ga yawan manyan kalmomi ba. Sun dogara ne ga ko ɗalibi ya gane abin da aka tambaye shi, da ko ya jera amsarsa yadda mai karatu zai bi ta ba tare da ya ɓace ba.

Akwai kuma hukunci mai tsanani ga wanda ya kauce wa tambaya gaba ɗaya. Rubutun da bai da alaƙa da abin da aka nema yana rasa makin ƙunshiya da na tsari, kuma ko Turancinsa ya kai na ɗan Ingila, ba zai samu cikakken makin harshe ba. Wanda ya gaza kalmomin da aka nema ma ana rage masa makin da zai iya samu.

Tunda kiredit yana farawa ne daga C6, wato maki 50 cikin 100, maki biyar ko shida da aka zubar a nan na iya zama tsakanin shiga jami'a da zaman shekara guda a gida, da sake biyan kuɗin rajista daga aljihun iyaye.

Abin da masu duba takardu ke nanatawa

Bayan kowace jarrabawa, manyan masu duba takardu na WAEC kan fitar da rahoto a kan kowane darasi, inda suke bayyana ƙarfin ɗalibai da rauninsu tambaya bayan tambaya. Hukumar na sanya irin waɗannan bayanai a shafinta na intanet, kyauta, sai dai ɗalibai ƙalilan ne ke leƙa su.

Wanda ya bi rahotannin na shekaru daban-daban zai ga ƙorafe-ƙorafe iri ɗaya suna dawowa: yi wa tambaya gurguwar fahimta, ƙin bin umarnin da ke saman takarda, jero maki-maki ba tare da bayani ba, amsa rabin tambaya a bar rabi, da shigo da gajerun kalmomin saƙon waya cikin rubutu.

Ban da na ƙarshe, duka waɗannan kurakurai ne da ake tafkawa kafin a rubuta jimlar farko.

Kowace tambaya gaɓa uku gare ta

Hanya mafi sauƙi ta warware tambaya ita ce a raba ta gida uku, a ja layi a ƙarƙashin kowane gida.

Na farko shi ne umarni: me aka ce a yi? A lissafa, a bayyana, a kwatanta, ko a yanke hukunci?

Na biyu shi ne batu: a kan me ake magana?

Na uku shi ne iyaka: wane wuri, wane zamani, guda nawa, kuma wa ake yi wa rubutun?

A ɗauka tambayar Tarihi ta nemi a bayyana dalilai huɗu na siyasa da tattalin arziki da suka haifar da jihadin 1804 a ƙasar Hausa. Umarnin shi ne a bayyana. Batun shi ne dalilan jihadi. Iyakokin kuwa uku ne: huɗu ake so, na siyasa da tattalin arziki ake so, kuma abin da ya haifar da jihadin ake so.

Ɗalibin da idonsa ya faɗa kan "1804" ya ji daɗi, sai ya fara daga haihuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya bi ta hijira daga Degel zuwa Gudu, ya ba da labarin yaƙin Tafkin Kwatto, ya rufe da faɗuwar Alƙalawa a 1808. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma kusan babu wanda ya taɓa tambayar. Abin da ake jira daga gare shi shi ne maganar haraji mai nauyi da jangali, ƙwace dukiyar talaka, zaluncin fada, da takunkumin da sarakunan Gobir suka ɗora wa jama'ar Shehu.

Iyaka ita ce gaɓar da aka fi tsallakewa, domin ƙananan kalmomi ne ke ɗauke da ita: "a yankinku", "bayan samun 'yancin kai", "aƙalla uku", "da kuma". Wannan "da kuma" ita kaɗai ta kayar da ɗalibai da yawa. Idan aka nemi musabbabin shaye-shaye tsakanin matasa da kuma hanyoyin magance shi, wanda ya ƙare tawadarsa kan musabbabi ya bar rabin makin a teburin mai dubawa.

Kalmomin umarni ba ɗaya ba ne

Tunda da Turanci ake yin yawancin tambayoyin, dole ɗalibi ya san nauyin kowace kalmar umarni.

"List", "state" da "mention" suna neman a jero a taƙaice. Dogon bayani a nan asarar lokaci ne.

"Explain" da "describe" suna neman a buɗe kowane batu: mene ne shi, yaya yake aiki.

"Account for" tana neman dalili. Ɗalibai da dama na rikita ta da "give an account of", wadda ke neman a ba da labarin yadda abu ya gudana. Kalmomin sun yi kama, aikin ya sha bamban.

"Compare" tana neman a ɗora abu biyu kafaɗa da kafaɗa, "distinguish" da "contrast" kuma bambanci suke nema. Wanda ya rubuta duk abin da ya sani kan tsarin shugaban ƙasa a shafi ɗaya, ya rubuta na firaminista a wani shafin, bai kwatanta komai ba, ya bar wa mai dubawa aikin.

"Discuss" tana neman a juya batu ta fuska fiye da ɗaya.

"Assess", "evaluate" da "to what extent" su ne mafi nauyi, domin suna neman ɗalibi ya auna hujjoji sannan ya faɗi inda ya tsaya.

Wannan jeri ba da ka aka yi shi ba. A 1956 wani masanin ilimi na Jami'ar Chicago a Amurka, Benjamin Bloom, tare da abokan aikinsa, suka kasa matakan koyo gida shida: sani, fahimta, aiki da abin da aka sani, fiɗa, haɗawa, da yanke hukunci. Har yau ana koyar da wannan tsari a kwalejojin horar da malamai, kuma masu tsara jarrabawa na amfani da shi domin kada tambayoyi su taru a mataki ɗaya. Hadda tana kai ɗalibi matakin farko. Sauran biyar ɗin sai da tunani.

Batu ɗaya, amsoshi uku

Babu darasin da ya fi nuna wannan kamar mulkin Turawa ta hannun sarakuna, wanda ɗaliban Gwamnati da na Tarihi suka sani sarai.

Idan aka ce a bayyana siffofin tsarin, amsar ita ce yadda aka gina shi: Razdan da Di'o a sama suna sa ido, sarki yana mulki ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni, kotunan alƙalai suna shari'a, En'e tana karɓar haraji tana zubawa a baitulmali.

Idan aka ce a kawo dalilan da suka sa tsarin ya yi nasara a Arewacin Najeriya, kayan aikin kusan ɗaya ne, amma dole a juya su. Yanzu kowane sakin layi sai ya ƙunshi "saboda". Lugard ya ci Kano da Sakkwato a 1903 ba shi da isassun ma'aikata ko kuɗi, sai ya tarar da dauloli masu tsayayyen shugabanci. Ya tarar jama'a sun saba da biyan kuɗin ƙasa da jangali, don haka haraji bai zo musu a matsayin baƙon abu ba. Ya tarar da alƙalai da malamai masu rubutu da ajiye bayanai. Ɗalibin da ya ƙara da cewa a Gabas, inda babu irin wannan sarauta, Turawa sun naɗa mutane da takardar izini har abin ya kai ga boren matan Aba na 1929, ya ƙarfafa hujjarsa da kishiyarta.

Idan kuwa aka tambayi iya gwargwadon nasarar da tsarin ya yi, to an buɗe ƙofar "amma". Sai ɗalibi ya kawo nasarorin, sannan ya tuna da tawayen Satiru na 1906 kusa da Sakkwato, da yankuna irin su ƙasar Tibi waɗanda ba su da sarki guda a lokacin, inda tsarin ya yi ta tangal-tangal. Yana iya tambayar nasara ga wa: ga Turawan da suka yi mulki da araha, ko ga talakan da ilimin boko ya yi jinkirin iso masa? Daga nan ya yanke hukunci.

Littafi ɗaya, babi ɗaya, amsoshi uku. Ɗalibin da ya haddace guda ɗaya yana da damar dacewa sau ɗaya cikin uku.

Shirin zaune ya fi na tsaye

A zauren jarrabawa, da zarar an ce a fara, ƙarar biro ke tashi ta ko'ina. Wanda ya tsaya yana tunani sai ya ga kamar an bar shi a baya. Lissafi bai goyi bayan wannan tsoro ba.

Daga minti 50 na insha'i, idan aka ware bakwai don zaɓen tambaya da shiri, biyar don bita a ƙarshe, saura 38. Kalmomi 450 cikin minti 38 bai wuce kalma 12 a minti ɗaya ba. Ɗan aji shida na sakandare yana iya wannan cikin natsuwa, matuƙar ya san abin da zai faɗa. Abin da ke cin lokaci shi ne tsayawa a tsakiyar shafi ana cizon biro.

Shirin kansa ba ya buƙatar wuce layi shida ko bakwai.

Da farko a karanta duka tambayoyin, a zaɓi wadda ake da abin faɗi a kanta, ko da ba ita ce ta fi daɗin ji ba. Gwajin mai sauƙi ne: za a iya kawo batutuwa uku da misalansu cikin minti ɗaya? In ba za a iya ba, a duba wata.

Sai a rubuta amsar gaba ɗaya cikin jimla guda. Wanda ya kasa taƙaita matsayinsa a jimla ɗaya bai gama sanin abin da yake son faɗa ba.

Sai a zubo duk abin da ya zo a rai, kalma ɗaya ko biyu ga kowanne. A soke waɗanda suka fita daga iyaka, a haɗe waɗanda suke abu ɗaya cikin riga biyu. "Talauci", "rashin kuɗi" da "tsadar rayuwa" batu ɗaya ne a wurin mai dubawa, kuma maki ɗaya zai ba su.

A ƙarshe a sa wa waɗanda suka rage lamba. Gabatarwa ta ɗauki kalmomi kamar 50, manyan sakin layi uku su ɗauki kimanin 115 kowanne, kammalawa ta ɗauki sauran.

Wani abin da ɗaliban da suka tashi da Hausa ba su cika lura da shi ba: tunanin shirin ana iya yinsa da harshen da kai ya fi sakewa da shi. Neman hujja aiki ne, neman kalmar Turanci wani aikin ne daban, kuma haɗa su a lokaci guda shi ke sa kai ya cushe. Idan batutuwan suka zauna daram, sai a juya ga neman jimlolin Turanci gajeru masu tsabta. Abin kiyayewa shi ne kada a ɗauko ginin jimlar Hausa ko karin maganarta a dasa su kalma da kalma. Duk abin da aka zana na shiri a takardar amsa kuma a ja masa layi a soke shi kafin a miƙa.

Da'awa, shaida, da igiyar da ta ɗaure su

Wanda ya taɓa zama a kotun alƙali ya san cewa da'awa ba ta tsayawa da ƙafarta. Mai ƙara zai faɗi abin da yake nema, a ce ya kawo shaida, sannan a duba ko shaidar ta taɓa abin da ake jayayya a kai. Sakin layi mai kyau haka yake.

Masanin falsafa ɗan Birtaniya, Stephen Toulmin, ya fayyace wannan a wani littafi da ya fitar a 1958, inda ya nuna cewa ƙashin bayan kowace hujja abu uku ne: abin da ake iƙirari, abin da aka dogara da shi, da dalilin da ya sa na biyun ke tabbatar da na farkon.

Na ukun nan shi ne ɗalibai suka fi mantawa. A ɗauka ana muhawara kan ko makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo. Ɗalibi ya ce ɗan makarantar kwana ya fi samun lokacin karatu: da'awa ke nan. Ya ce akwai lokacin bitar dare da aka wajabta wa kowa: shaida ke nan. Idan ya tsaya nan, ya bar magana a rataye. Sai ya ƙara da cewa takwaransa na gida a daidai wannan lokaci yana ɗiban ruwa, ko tsaron shago, ko aiken kasuwa, don haka a ƙarshen zango ɗayan ya tara sa'o'in karatu da ɗayan bai samu ba. Yanzu maganar ta ɗaure.

A tambayar muhawara ana son ɗalibi ya ɗauki ɓangare ɗaya ya tsaya a kai. Wanda ya ce kowanne da amfaninsa, ya raba rubutunsa biyu daidai, bai yi muhawara ba. Amma tsayawa a ɓangare ɗaya bai hana a ambaci hujjar abokin karawa a rushe ta ba. Mai goyon bayan makarantar kwana a Arewacin Najeriya na yau, inda aka sha sace ɗalibai daga ɗakunan kwanansu tun daga Chibok a 2014 har zuwa Ƙanƙara a 2020 da Jangebe a 2021, ba zai yi kamar bai san da batun tsaro ba. Ambatonsa da ba shi amsa ya fi a yi shiru a kansa.

Wa ake yi wa magana?

A insha'in Turanci da na Hausa, tambaya takan faɗi siffar rubutun da kuma wanda zai karanta shi, kuma makin tsari na rataye a nan.

Wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma ko kwamishina tana buƙatar adireshi biyu, kwanan wata, gaisuwar girmamawa, kanun magana, sa hannu da cikakken suna. Wasiƙa zuwa ga aboki ko ƙane adireshi ɗaya take buƙata, da harshe mai sakewa, da sunan yanka kawai a ƙarshe. Maƙalar jarida tana son kanu da sunan marubuci. Jawabin muhawara yana farawa da gaida shugaban taro da alƙalai da mai kula da lokaci da sauran jama'a.

Batun na iya zama ɗaya, a ce lalacewar hanyar garinsu, amma yadda ɗalibi zai faɗa wa yayansa da ke karatu a Zariya daban yake da yadda zai faɗa wa kwamishinan ayyuka. Ɗaya hira ce, ɗaya koke ne mai neman a ɗauki mataki.

Tambayar ƙirƙirar labari ita ce tarkon da ya fi kama masu hadda. Akan nemi labarin da zai fito da ma'anar wani karin magana, ko wanda zai ƙare da wata jimla. Wasu ɗalibai kan shigo da labarin da suka haddace, su manna jimlar a gindinsa ko ta dace ko ba ta dace ba. Mai dubawa da ya karanta ɗaruruwan takardu yana gane irin wannan ɗinki tun daga sakin layi na biyu. Dabarar ita ce a faro shiri daga ƙarshe: me zai faru da zai sa mutum ya furta wannan jimla? Daga nan a taka da baya zuwa mafari.

Me ya sa ba a koyon wannan a aji?

Laifin ba na ɗalibai kaɗai ba ne. Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare, amma a makarantun gwamnati da dama aji kan ninka haka. A ƙaddara malamin Turanci yana da azuzuwa huɗu masu ɗalibai 80 kowanne. Insha'i ɗaya ya zama takardu 320. In ya ba kowace minti biyar, ya haura sa'o'i 26 yana maki. Ba abin mamaki ba ne idan ya zaɓi ya cika allo da rubutu a kwafa.

Sakamakon haka shi ne ɗalibi na iya kaiwa aji shida bai rubuta cikakken insha'i an gyara masa ba sai 'yan lokuta ƙalilan. Jarrabawar JAMB kuma, wadda hankalin kowa ke kanta, canki-canka ce zalla a kwamfuta, don haka darussan ƙarin karatu sun fi karkata ga dabarun zaɓen A, B, C ko D.

Ga kuma masu sayar da amsa a WhatsApp da Telegram da cibiyoyin da ake yi wa laƙabi da na mu'ujiza. Ban da haɗarin a riƙe sakamako ko a soke shi, amsar da aka raba wa mutum ɗari ita ce mafi sauƙin ganewa a sashen insha'i.

Sai dai koyar da fiɗar tambaya bai da tsadar da maki ke da ita. Malami na iya rubuta tsohuwar tambaya a allo, ya ba aji minti biyar kowa ya fitar da umarni da batu da iyaka da batutuwa uku, sannan a tattauna. Babu takardar da zai ɗauka zuwa gida. Ɗalibai uku ko huɗu ma na iya yin haka a zaure da littafin tsofaffin tambayoyi: shirya amsoshi goma ba tare da rubuta su ba ya fi haddace guda biyu amfani. Iyaye ko yayye da ba su san darasin ba suna iya taimakawa da tambaya ɗaya tak: me aka ce ka yi, kuma mece ce amsarka a jimla ɗaya?

Abin da shiri ba zai yi ba

Shiri ba ya haifar da ilimin da babu shi. Wanda bai san bambancin kundin tsarin mulkin Richards na 1946 da na Lyttelton na 1954 ba, ko ya ja layi a ƙarƙashin kowace kalma ba zai iya kwatanta su ba. Haka kuma maki 30 na harshe da ƙa'idojin rubutu sai da karatun littattafai da yawan rubutu na tsawon lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da shiri ke yi shi ne ya hana ilimin da ake da shi zubewa a banza.

Sauyin da ake yi wa jarrabawar ma ba zai kawar da buƙatarsa ba. WAEC ta fara gwada jarrabawa da kwamfuta ga masu zama a ƙashin kansu a 2024, kuma a 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya bayyana aniyar gwamnati ta mayar da WAEC da NECO kan kwamfuta baki ɗaya. Ko a allon kwamfuta tambaya ta fito ko a takarda, umarninta da batunta da iyakarta suna nan.

Bayan sakandare kuma abin ƙaruwa yake yi. A jami'a da kwalejin ilimi da ta kimiyya da fasaha, tambayoyin "tattauna" da "auna" su ne abincin yau da kullum, daga gwajin aji har zuwa kundin kammala digiri. Ɗalibin da ya saba tun yanzu da tsayawa minti biyar ya tambayi kansa abin da ake nema, ya rage wa kansa wahalar da wasu ba sa ganowa sai sun maimaita kwas.